GUZURIN ƊAN TALOTALO

Ɗan talotalo yakan yi kwana 28 cikin ƙwai. Dab da fitowarsa sai sauran gwaiduwa ta shige cikinsa ta wajen cibiya. Wannan shi ne guzurinsa, yana iya riƙe shi kwana 2 ko 3 ba ci ba sha. Akwai kuma ɗan sukari ajiye cikin hantarsa, amma fasa ɓawon ƙwai aiki ne ja, yawancin sukarin nan can yake ƙarewa.

To, da yawa cikin 'yan tsakin da a ke sayarwa a ƙasar Sakkwato daga kudu a ke kawo su, musamman Ibadan. Kafin kwali ya iso Sakkwato, ya ƙara mil 50 da wani abu zuwa Illela, guzuri ya yi nisa. Ga kuwa ran Lahadi, ranar kasuwa, mai saye ya ɗaga wannan, ya juya wancan, na Birnin Ƙonni ya zo shi ma ya taɓa. Duk sa'ad da aka cafki ɗan tsako yakan firgita, jikinsa ya kwaso sukarin hanta ya zuba cikin jini ya ƙone shi. Ba abinci a ciki balle ya mayar da gurbinsa. In wannan ya ƙare sai jiki ya koma cin tsokarsa.

Abin da ke ruɗin mai kiwo shi ne ba a ranar su ke mutuwa ba. Sai kwana na 4 ko na 5 ya tarar da su kwance, maƙoƙo wayam, ƙafafu sun bushe, ya ce annoba ce. Sau da yawa yunwa ce kurum. Ɗan talotalo ba shi da wayon ɗan kaza wajen gane abinci, yana iya mutuwa kusa da kasko cike.

Saboda haka dillali ya bar su cikin kwali a inuwa, mai saye ya duba da ido. Da isa gida a fara ba su ruwa da ɗan sukari, a tsoma bakin kowane sau ɗaya, a sake shi. Bayan awa ɗaya ko biyu a barbaɗa abinci bisa takarda inda haske ya ke. Dusa kaɗai ba ta isa, a haɗa da dafaffen ƙwai. Waɗansu sukan sa 'yan kaji biyu cikinsu su koya musu tsattsaga. Da hunturu kuwa a kunna musu fitilar ƙwai tun kafin su iso, don sanyi ma cin guzurin nan ya ke yi.