Almakashin Tela a Bakin Fadama

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya ga yadda shadda take zama riga. Tela yakan shimfiɗa yadi a kan tebur, ya auna, ya ja layi da alli, ya sake dubawa, sannan ya sa almakashi. Ba ya gaggawa a nan, don ya san abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Mai ɗaukar hoton tsuntsayen ruwa ma haka yake, idan ya dawo daga fadama ya zauna zai rage gefunan hotonsa.

A dausayin Haɗeja da Nguru, inda tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin Ramsar na muhimman fadamun duniya a shekarar 2000, hunturu ne lokacin baƙi. Tsuntsaye kan taso daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka su tarar da 'yan gida irin su balbela da dinya da kirinjijiya. Sai dai tsuntsun ruwa ba ya son a matse shi. Ka ƙara taku biyu, zalɓe ya miƙe wuya, ya buɗe fukafukai, sauran su bi shi. Ni kuwa ina jin zafin in ga an tayar da tsuntsun da ya sha wannan doguwar tafiya saboda hoto kawai. Gara mutum ya tsuguna daga nesa, ya sauke kyamara daidai idon tsuntsun, ya ɗauka da yalwa, ya bar sauran aiki sai ya koma gida.

Yalwar nan ita ce yadin. Tela ba ya yarda a kawo masa yadi cif-cif, domin akwai kalmasa, akwai aljihu. Wanda ya cika hoto da tsuntsu tun a bakin ruwa bai bar wa kansa abin gyara ba. Idan layin ruwa ya karkace, miƙe shi sai ya ci kusurwoyi huɗu, kuma a nan ne ƙafa ko bakin tsuntsu ke salwanta.

Ƙafar ce ma abin lura. Kyan zalɓe yana ga dogayen ƙafafunsa, yadda yake ɗaga ɗaya a hankali, ruwa na ɗiga daga yatsunsa, ya ajiye ta ba tare da ya girgiza ruwan ba. A yanke hoto a gwiwarsa, ya zama wandon da ya ɗage. Ko ƙafafun suna cikin ruwa ba a ganinsu, a bar musu wurin da ido zai ƙiyasta sun tsaya. Idan kuma da safe ne, ruwa ya kwanta inuwarsa ta fito sarai, to a ɗauke ta duka ko a bar ta duka. Sannan a bar fili a gaban bakinsa, wajen da yake kallo, ya fi na bayansa yawa. Rigar da ta matse ƙirji ba ta barin mai ita ya yi numfashi, kuma zalɓen da bakinsa ya tokari gefen hoto ba shi da inda zai kai sara ga kifin da yake dako.

Yanka yana da iyaka. Hoto mai ɗigo 6000 a faɗi da 4000 a tsawo yana da ɗigo miliyan 24. Ka rage rabin faɗi da rabin tsawo, miliyan 6 kaɗai za su rage maka. Ya isa a nuna a waya, amma a buga shi babba sai gashin tsuntsu ya dagule. Inda mai hoto ya fi tela sa'a, yana iya ajiye asalin ya yi yanka a kan kwafi, don haka kada ya goge na farko.

Akwai kuma abin da ba na so a riƙa yankewa kullum. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da dausayin ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Masu hoto da yawa kan share kacallar da kwalekwalen masunci don tsuntsu ya fito shi kaɗai. Leda da ta maƙale a gefe, a cire ta. Amma masuncin da ke jefa birgi a bayan zalɓe, su biyun kifi ɗaya suke nema a ruwa ɗaya, kuma idan na samu irin wannan hoton, ina barinsu tare.