Manhajojin Sauti na Kyauta: Ƙarfinsu da Rauninsu

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka bayyana yadda aka rubuta ta, kowa na da damar dubawa, ya gyara, ya raba wa wasu. A harkar sauti, wadda ta fi yin suna ita ce Audacity. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, aka fitar da ita a 2000.

Ta fuskar ingancin sauti, ba ta da abin jin kunya. Muryar da aka ɗauka da makirufo ɗaya a ɗaki ɗaya ba ta lalacewa don kawai manhajar ta kyauta ce. Abin da ya fi ɓata aiki shi ne makirufo maras kyau, da ƙarar fanka ko janareta, da hannun mai gyara. Wajen rage hayaniya, alal misali, sai an fara nuna wa Audacity ɗan gurbin da babu komai sai hayaniyar zalla, sannan ta bi ta tace irinta. Idan aka matsa mata fiye da kima, muryar kan koma kamar ana magana cikin gwangwani. Saƙon murya na WhatsApp ma da buɗaɗɗen tsarin Opus ake matse shi, kuma ba a cika kuka da shi ba.

Matsalar ta fi yawa a wajen lasisi da jituwa da sauran kayan aiki. Shekaru da dama sai mai amfani da Audacity ya sauko da ƙarin manhajar LAME daban kafin ya iya fitar da MP3, har zuwa bayan da haƙƙin mallakar tsarin ya ƙare a 2017. Fayil irin M4A kuwa yana buƙatar ƙarin manhajar FFmpeg. A da, aiki kan rabu gida biyu, ƙaramin fayil da jakar sautinsa. Wanda ya kwafi ɗaya ya manta ɗayan, aikinsa ya tashi a banza. Sigar 3.0 ta 2021 ce ta haɗe su wuri guda.

A shekarar ce kuma kamfanin Muse Group ya karɓi ragamar Audacity. Shirinsa na tattara bayanan masu amfani ya tada ƙura, har wasu suka ɓalle suka kafa Tenacity daga tushenta, abin da ba ya yiwuwa a rufaffiyar manhajar saye.

Ga mai haɗa shirin rediyo ko naɗar karatu, Audacity ta wadatar. Situdiyon da ke haɗa kiɗa da kayan aiki masu yawa kuwa, kuma yake son wanda zai tuntuɓa idan abu ya tsaya, ya fi karkata ga irin su Pro Tools.