Baka mai rabuwa biyu: a auna hannu kafin a fidda kuɗi

A watan jiya, a makarantarmu ta yaƙi da jahilci, muna koyon bambancin k da ƙ. Na rubuta kalma biyu bisa allo: baka da baƙa. Wani dattijo mahalbi cikin ɗalibai ya ce: "Malam, ta farkon nan na fi ka saninta." Kowa ya yi dariya.

Washegari wani saurayi ya zo da ƴar jaka a kafaɗa. Ya fiddo itace biyu lanƙwasassu, ya zura ɗaya cikin ɗaya, ya ɗaura tsirkiya. Sai ga baka mai sheƙi. Ya ce a salula ya fara ganin irinsa. Ya saida ragonsa, ya aika wa wansa da kuɗin can bakin teku inda yake cin rani, shi ko ya sayo masa.

Dattijo ya ce: "To, yaro, ja mu gani." Saurayi ya ja, hannu ya kama rawa, tsirkiya ba ta ko kai ga haɓarsa ba. Dattijo ya karɓa, ya taɓa, ya girgiza kai. Ya ce: "Bakan na da kyau, amma ba naka ba ne." Na duba jikin bakan, na ga an rubuta 60. Nan matsalar take.

Tun daga ranar samari ke tambayata yadda ake zaɓen irin wannan baka. Na yi tambaya, na yi karatu. Ga abin da na samo, don kada wani ya sake asarar rago.

Baka ba baƙonmu ba ne

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun san kwari da baka tun kaka da kakanni. A shekara ta 1899, da kibau mutanen Sarauniya suka tari sojojin Faransa a Lugu. Mahalbanmu suna sassaƙa baka da gora ko da icen dargaza. Suna murɗa tsirkiya da fata. Maƙeri ya ƙera kan kibiya, a dasa shi bisa kyauro.

A wasu ƙasashe kuma halbi ya zama wasa, kamar kokowa a wurinmu. Tun 1972 halbin kibiya ya koma cikin wasannin Olimpik. A can ana tsayawa nisan metir 70 a halbi allon da faɗinsa santimetir 122 ne. A 2024, a birnin Paris, wani ɗan Cadi mai suna Israel Madaye ya kara da Kim Woo-jin, zakaran Koriya ta Kudu. Bai ci ba, amma duniya ta ga maƙwabcinmu a filin.

Mene ne wannan baka?

Abu biyu suka raba shi da namu.

Na farko, kunnuwansa. Bakanmu ya lanƙwaso waje ɗaya, kamar jinjirin wata. Shi ko wannan, ƙarshensa na sama da na ƙasa sun sake juyawa gaba. In an ja, kunnuwan su miƙe, in an saki su koma da sauri. Shi ya sa yake tura kibiya da ƙarfi ko da bai yi tsawo ba. Ba ice guda ba ne. Falle-fallen ice ne da zaren gilashi aka manne da danƙo.

Na biyu, yana rabuwa a wurin riƙo. Rabi ɗaya yana da kube, kamar kuben wuƙa. Ɗaya rabin ya shige ciki. In an ɗaura tsirkiya, ita ke matse su wuri guda. Dabarar ta daɗe. A Ingila, tun fiye da shekara 100, suna yin baka mai shiga juna don ya shiga keken doki. Amfaninsa ke nan: bakan da ya kai metir ɗaya da rabi ya koma guntu biyu, ya shiga buhu, a ɗaura bayan babur ko bisa raƙumi.

Akwai kuma mai rabuwa uku: mariƙi a tsakiya da reshe biyu, ana ɗaure su da ƙusa ta murɗawa. Wani Ba'amurke mai ƙera baka, Fred Bear, ya fito da nasa irin wajen 1970, ya yi suna ƙwarai. Ku lura da wannan. Mai rabuwa uku, in reshe ya karye ko ya yi maka ƙarfi, sai ka canza rassa ka bar mariƙi. Mai rabuwa biyu ya fi sauƙin nauyi, ba ya son makulli wajen haɗawa. Amma ƙarfinsa ba ya canzuwa. Yadda ka saye shi, haka za ka zauna da shi. Don haka zaɓensa ke son natsuwa.

Karanta lambar da ke jikinsa

Ga inda karatu ke da rana. Kusa da mariƙi za ka ga rubutu kamar haka: 40# @ 28". Lambar farko ita ce ƙarfin baka, da ma'aunin laba. Laba ɗaya ta kusa rabin kilo, garam 454 ce. Lamba ta biyu ita ce tsawon ja, da ma'aunin inci. Inci 28 santimetir 71 ne. Ma'ana, in ka ja tsirkiya har santimetir 71, yatsunka na riƙe da laba 40.

Ga lissafin da kilo:
Laba 25, kilo 11.
Laba 30, kusan kilo 14.
Laba 40, kilo 18.
Laba 50, kusan kilo 23.
Laba 60, kilo 27.

Bido mai litir 25 cike da ruwa kilo 25 ne. Bakan saurayinmu ya fi shi. Ka ɗauki bido cike da yatsa uku, ka riƙe shi daidai fuskarka, sannan a ce ka saita abu. Ka ga abin da ya faru ke nan.

Wani zai ce: "Ni da ke noma da hauya, ina jan guga a rijiya mai gaba 20, baka zai gagare ni?" Ƙarfin guga daban, na baka daban. Baka da naman baya da kafaɗa ake jansa, kuma ana son a riƙe shi cik babu motsi. Mai fara koyo, namiji babba, laba 25 zuwa 35 sun ishe shi. Mace ko yaro matashi, laba 15 zuwa 25. Wanda ya saba da halbi shekara da shekaru zai iya 40 zuwa 45.

Ga gwaji mai sauƙi. Ja tsirkiya har yatsanka ya taɓa gefen bakinka. Ƙirga 1 zuwa 10 a hankali. Mayar da ita sannu, kada ka saki. Yi haka sau 5. In hannu ya yi rawa, ko ka ɗaga bakan sama kafin ka iya ja, ya fi ƙarfinka. Ajiye shi, babu kunya. Kibiyar da ta sami wuri da baka mai laushi ta fi wadda ta kuskure da baka mai ƙarfi.

Auna gabanka

Hannun mutane ba ɗaya ba ne. Miƙe hannu biyu kamar mai auna igiya, wani ya auna maka daga yatsa zuwa yatsa. Ninka lambar sau 2, ka raba da 5. Misali: gabanka santimetir 175. Sau 2, 350. A raba da 5, 70. Tsawon janka kusan santimetir 70 ke nan.

In janka ya wuce 71, bakan zai fi abin da aka rubuta ƙarfi. Kowane inci ɗaya na ƙari yana ƙara laba 2 ko fiye. In bai kai ba, zai ragu haka. Dogon mutum ya nemi dogon baka. Ana rubuta tsawon bakan a jikinsa: 58, 60 ko 62. Inci 60 santimetir 152 ne, shi ne daidai da yawancin mutane. Gajeren baka a hannun dogo yana matse yatsu, yana kuma taurarewa a ƙarshen ja.

Sai maganar hannu. Yawancin irin wannan baka an yanke musu gurbin da kibiya ke kwanciya a gefe ɗaya. In an rubuta RH, na mai jan tsirkiya da dama ne. In an rubuta LH, na bahago ne. Bahago ya duba da kyau kafin ya biya.

Duba mahaɗi

Baka mai rabuwa biyu, ransa yana mahaɗi. Ga abin dubawa:

1. Haɗa shi babu tsirkiya, ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, ko yana juyawa cikin kube, bar shi.
2. Duba bakin mahaɗi. Kada a ga rata ko tsaga.
3. Cire ka mayar sau da yawa. Ya shiga da ɗan matsi, ya fita ba da kokowa ba.
4. Ɗaura tsirkiya, ka hango ta daga sama zuwa ƙasa. Ta bi tsakiyar rassa biyu sak. In ta karkace, reshe ya murɗe.
5. Bi jikinsa da farce. In falle ya fara ɗagowa, ko ka ga fari-fari cikin gilashin, danƙo ya saki. Irin wannan yana fashewa a fuskar mutum, ya ɓata ido.
6. Auna daga mariƙi zuwa tsirkiya. Ya kamata a sami santimetir 18 zuwa 21.

Araha ba ta ado. Bakan da ba a rubuta lamba ko ɗaya a jikinsa ba, kada ka amince da shi. In kuma saƙo za ka ba wani ya sayo maka daga nesa, rubuta masa lambobi uku a takarda: ƙarfi, tsawo, da hannu. Ka ce ya haɗo da tsirkiya biyu, da igiyar ɗaura tsirkiya, da kibau aƙalla 6.

Kibiyarmu ba ta dace da shi ba

Kibiyar kyauro gajera ce, ba ta da nauyi. An yi ta don bakanmu. In ka ɗora ta bisa wannan, gindinta na iya tsagewa, ko ta zame ta soki hannunka. Kibiya ta fi tsawon janka da santimetir 3 zuwa 5. Baka mai laba 40 yana son kibiya mai garam 21 zuwa 26. Kusan nauyin ƙwandalar dala ashirin guda 3 ko 4 ke nan. Duba kowace kibiya kafin halbi. Mai tsaga, karya ta ka yar.

Kada ka taɓa sakin tsirkiya babu kibiya, ko da wasa. Ƙarfin da ya kamata ya bi kibiya zai koma cikin bakan ya fasa shi. Faɗa wa duk wanda ya ce ka ba shi ya gwada.

Rana da rairayi

Ba don zafin ƙasarmu aka yi wannan baka ba. A watan Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa. Danƙon da ya riƙe shi yana laushi. Kada ka bar shi a rana, ko cikin mota a rufe, ko dab da rufin kwano. In ka gama, kwance tsirkiya, ka raba shi, ka kwantar cikin jaka. Kada ka jingina shi tsaye bisa kunne ɗaya.

Kada ka taka shi da ƙafa wajen ɗaura tsirkiya, reshe zai murɗe. Yi da igiyar da aka yi don haka. Lokacin hunturu ƙura na shiga kube ta ci shi. Goge da ƙyalle kafin ka haɗa. Shafa ɗan kakin zuma a mahaɗi da tsirkiya.

Doka da zaman lafiya

Mallakar baka ba izinin farauta ba ne. Ƙasarmu tana da dokar farauta da kare namun daji, ta ranar 29 ga Afirilu 1998. Akwai namun da ba a taɓawa sam, kamar giwa da raƙumin dawa. A 2018 an kai raƙuman dawa 8 daga yankin Kure zuwa gandun Gadabeji, cikin jihar Maraɗi, don su sake yaɗuwa. Na jikokinmu ne. Mai son farauta ya fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji ya ji sharaɗi.

Mai koyo ya cika buhu da tsumma, ya jingina shi ga tudu ko katanga, nesa da hanya da garke. Ya fara daga taki 10. Kada yaro ya tsaya gaba ko gefe. Kuma in rigima ta taso tsakanin gona da garke, a bar baka a ɗaki a nufi wurin maigari. Kibiyar da ta fita ba ta dawowa.

To, wa ya kamata ya saya?

In kana yawan tafiya, kana da halin saye, ka kuma sami mai daidai hannunka, baka mai rabuwa biyu abu ne mai kyau. In ka kula da shi zai yi shekaru. Amma in ya karye, babu masassaƙi ko maƙerin da zai gyara shi a ƙauye. Bakan gora ko, in ya karye, daji na kusa. Kada wani ya saida hatsin gida ko dabbar haihuwa saboda shi.

Saurayinmu ya dage kwana uku yana ja, har kafaɗa ta hana shi ɗaukar tulu. Yanzu bakan na cikin jaka, yana jiran mai saye. Dattijo ya sassaƙa masa na dargaza mai laushi, yana koya masa da marece bayan karatu. Jiya na ga ya sami buhu sau 4 cikin 5. Shi kuma yana taya dattijo karanta lambobi.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya tsare mana idanunmu da dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka.