ƘIBA, DAMUWA DA ƘAIƘAYI 'YAN GIDA ƊAYA NE

'Yan'uwana mata, musamman ku 'yanmata masu shirin gama makaranta ku kama aiki ko sana'a. Mu dai a wajenmu, da mace ta fara albashi ta yi jiki sai ki ji ana cewa, "Kai, wance hutu ya karɓe ta!" Ni kuwa na daɗe da lura cewa da yawan masu wannan "hutun" kuka suke a ɓoye, domin abu uku ne ke cin su lokaci guda: ƙiba, ciwon damuwa da cutar fata.

Dubi tela a kan keke ko sakatariya a gaban kwamfuta. Zama ne tun safe har la'asar, abincin rana fanke da lemon kwalba. Ita kuma nas mai aikin dare barcinta ragagge ne, kuma ƙarancin barci yana ƙara yunwa. A hankali sai teɓa ta sauko. Likitoci na raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. In lissafin ya kai 30, ƙiba ta zama cuta. Misali, mai kilo 80 da tsawon mita 1.6, nata ya haura 31. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da irin wannan ƙiba.

To ina ruwan fata? Inda duk tsoka ta ninke, kamar hammata, ƙarƙashin mama da matsematsi, zufa na taruwa, fata na gogar fata har ta saɓule. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nan wata cuta dangin funfuna mai suna kandida ke yaɗo, wurin ya yi ja, ga ƙaiƙayi ga wari. In ƙibar ta jawo ciwon suga, sai maruru ya riƙa fitowa, miki ya ƙi warkewa.

Daga nan kunya ta shigo. Ta daina zuwa biki da suna, tana tsarguwa ko abokan aiki na jin warin. Ta dawo gida ta rufe ɗaki, abinci ya zama abokin hira. Damuwa mai tsawo kuma tana sa jiki ya yawaita wani sinadari, kotisol, mai tara kitse a ciki da raunana garkuwar jiki. Wani nazari da masana a ƙasar Holan suka fitar a 2010 ya nuna masu ƙiba sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da ciwon damuwa da kashi 55 cikin 100, masu damuwa kuma sun fi haɗarin yin ƙiba da kashi 58. Kin ga kenan kowanne yana haifar ɗan'uwansa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne 'yanmatan da ke sayen wannan masifa da kuɗinsu, wai "sha ka fashe" don a cika ido kafin aure. A cikin waɗannan ƙwayoyi akwai deksametason, wadda ke kumbura fuska da ciki, ta birkita tunani, ta buɗe wa cutar fata ƙofa. Haka man bilicin mai irin wannan sinadari: ya kwantar da ƙaiƙayi yau, gobe makero ya bazu. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayar kada ta yanke lokaci guda, akwai haɗari. Likita ne zai rage mata sannu a hankali.

Mafita fa? Ki riƙa miƙewa daga kujera a kai a kai, ki yi tafiyar ƙafa ta minti 30 sau 5 a mako. Ki rage zaƙi. Bayan wanka ki tsane kowane lungu, ki sa shimi da rigar mama na auduga, ki sauya su in sun jiƙe. Idan ƙunci, rashin barci da rashin sha'awar komai suka kai mako 2, ki je asibiti. Ciwon damuwa ba hauka ba ne, kuma yana da magani.

Ke kuma mai tsokanar ƙawarki da "Hajiya tulu", don Allah ki bari. Ki ja ta gefe ki ce, "Ƙawata, lafiya kuwa?" Wataƙila tambayar da ta daɗe tana jira kenan.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.