Kundin da masu shi ba su so a fitar ba, amma ya sha gaban Michael Jackson a Amurka

Idan aka tambaye ka wane kundin waƙoƙi ne ya fi kowanne ciniki a tarihin Amurka, na san amsarka tun kafin mai tambaya ya rufe baki: Thriller na Michael Jackson. Ke ma 'yar'uwa haka za ki ce. To ku ɗan dakata. A watan Agustan 2018, RIAA, wato ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka wadda ke ba da shaidar yawan ciniki, ta sanar da cewa wani kundi mai suna Their Greatest Hits 1971–1975 ya kai kwafi miliyan 38 a ƙasar. Thriller kuwa a lokacin yana kan miliyan 33.

Na su wa? Na Eagles. A'a, ba Super Eagles ba, kar ka ɗauko zancen ƙwallo. Waɗannan wasu Turawa ne masu kiɗan rok, kuma babban abin mamakin shi ne babu sabuwar waƙa ko ɗaya a cikin kundin. Tsofaffin waƙoƙinsu guda goma aka tattaro aka zuba a faifai ɗaya, su kansu mawaƙan ma ba da son ransu aka yi ba.

A birnin Los Angeles aka kafa ƙungiyar a 1971. Mutum huɗu ne: Glenn Frey, Don Henley, Bernie Leadon da Randy Meisner, kuma kafin su tsaya da ƙafarsu sun yi wa mawaƙiya Linda Ronstadt kiɗa. Salonsu gauraye ne na rok da kiɗan karkarar Amurka, ga jita mai sanyi, ga muryoyi uku ko huɗu suna hawa kan juna lokaci guda. A 1974 Don Felder ya shigo, kiɗan ya ƙara kauri. Tsakanin 1972 da 1975 sun fitar da kundi huɗu, kuma waƙoƙinsu biyu, Best of My Love da One of These Nights, sun hau mataki na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka.

A ƙarshen 1975 Bernie Leadon ya fice, aka ɗauko Joe Walsh. Ƙungiya na cikin sauyi, sabon aiki bai kammala ba, shi kuma kamfaninsu, Asylum Records, ba ya son kasuwa ta huce. Sai aka yi abin da kamfanoni suka saba: aka tsinto waƙoƙi goma daga kundayen nan huɗu, aka sa musu bango mai hoton ƙoƙon kan gaggafa da wani mai zane Boyd Elder ya yi wa ado, aka sake shi a watan Fabrairun 1976.

Ka duba lissafin ta ɓangaren kamfani. Ba a biya kuɗin situdiyo ba, ba a ɗauko makaɗa ba, ba a jira wani ya zauna ya rubuta baiti ba. An riga an kashe wannan kuɗin tun shekarun baya. Abin da ya rage kawai a buga faifai a kai kanti. Riba kan riba.

Mawaƙan kuwa ransu bai so ba. Don Felder ya bayyana daga baya cewa babu wanda aka nemi shawararsa a cikinsu. Don Henley ya fi kowa jin haushi, don a ganinsa irin wannan kundi dabara ce ta kamfani ta samun kuɗi a ɓagas. Kuma yana da wani dalili da ni kam na ga ƙarfinsa. Kundinsu na biyu, Desperado na 1973, labari guda ne daga farko har ƙarshe, a kan 'yan fashin yammacin Amurka na zamanin da, kowace waƙa tana riƙe da hannun 'yar'uwarta. Sai ga shi an ciro biyu daga ciki, Desperado da Tequila Sunrise, an jera su tsakanin waƙoƙin da ba su haɗa hanya ba. Kamar a yanko fitowa biyu daga fim mai dogon zango ne a watsa a TikTok: za a kalla, za a so, amma labarin ya tafi.

Sai dai masu saye ba su damu da wannan ba ko kaɗan. Kundin ya yi mako biyar a mataki na ɗaya a jerin Billboard. A shekarar ce kuma RIAA ta ƙirƙiro lambar Platinum ga kundin da ya kai kwafi miliyan ɗaya, kuma wannan kundin ne na farko a tarihi da ya karɓe ta, kwanaki kaɗan bayan fitowarsa. Mawaƙan dai sun yarda da amfani guda: yayin da tsohon kaya ke ta kawo kuɗi, sun samu sararin zama su yi sabon aiki ba tare da ana hura musu wuta ba. Aikin da ya fito a watan Disambar 1976 shi ne Hotel California.

A nan akwai abin dariya. Idan ka san waƙar Eagles guda ɗaya tak, to kusan tabbas Hotel California ce, mai doguwar jitar nan a ƙarshe. Ba ta cikin kundin da muke magana a kai. An fitar da "zaɓaɓɓun waƙoƙinsu" wata goma kafin a ji waƙar da duniya ta fi saninsu da ita. Shi kuma kundin Hotel California, a wannan sanarwa ta 2018, an ba shi shaidar miliyan 26, ya zama na uku. Na ɗaya nasu, na uku nasu, Michael Jackson a tsakiya.

To me ya sa kundin tsince-tsince ya fi na asali ciniki? Ka sa kanka a matsayin matashi a 1976. Babu YouTube, babu Audiomack, babu wanda zai tura maka ta Xender. Idan kana son waƙa, ko dai ka jira rediyo ta sako ta, ko ka sayi faifai. Kana son waƙoƙin Eagles guda shida ko bakwai, amma sun warwatsu a kundi huɗu. Ka sayi huɗu, ko ka sayi ɗaya da ya haɗa su duka? Ai ba sai an yi dogon tunani ba. Wanda ya taɓa miƙa wa mai tura waƙoƙi memori a kasuwar waya ya ce a zuba masa masu zafin kawai, ya san wannan lissafin sarai. Masoyi na haƙiƙa zai sayi komai, amma masoyan haƙiƙa ba su da yawa. Masu yawa su ne 'yan "ina dai son waƙar nan tasu", kuma don su aka yi irin wannan kundi.

Sannan ga sauyin na'ura. Wanda ya saya a faifan garmaho a 1976 ya sake saye a kaset don ya ji a mota. Da sidi ya zo a shekarun 1980, ya sake saye. Mutum ɗaya, waƙoƙi goma, ciniki uku. A wancan zamanin akwai kuma kamfanonin da ke aika wa mutane faifai ta gidan waya, irin su Columbia House, masu jawo sabon kwastoma da tayin kundi goma sha wani abu a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba. Mai zaɓen kaya da yawa a lokaci guda yakan ɗauki wanda ya tabbatar ba zai yi da-na-sani ba. Gidajen rediyon Amurka masu sanya tsofaffin waƙoƙin rok su ma ba su taɓa barin Take It Easy ta huta ba.

Duk wannan yana faruwa ne alhali ƙungiyar ma ta watse. A 1980, a wani wasa a Long Beach, Frey da Felder suna kan dandamali suna kiɗa suna yi wa juna barazanar duka idan an tashi. Daga nan kowa ya kama gabansa har shekara 14, sai a 1994 suka dawo. A duk tsawon lokacin kundin bai daina fita daga kanti ba. A 1999 RIAA ta ba shi shaidar miliyan 26, aka kira shi kundin da ya fi ciniki a Amurka a ƙarni na 20.

Yanzu bari mu zo inda ya fi shafar ku 'yan gardamar soshiyal midiya, masu ɗauko hoton lambobi su manna a ƙarƙashin rubutun abokin hamayya su ce an gama magana. Lambar nan ta miliyan 38 tana da ƙa'idoji a bayanta, kuma in ba ka san su ba za a yi maka wayo.

Amurka kaɗai take ƙirgawa. Idan aka ce duniya baki ɗaya, Thriller ne har gobe ake ɗauka a matsayin na ɗaya, da tazara mai yawa. Don haka mai cewa Eagles sun kayar da Michael Jackson da mai cewa ƙarya ne, kowa yana da gaskiya, filin wasan ne ba ɗaya ba.

RIAA kuma ba ta bin kundi tana ƙirgawa kullum. Kamfani ne ke nema, ya kawo takardunsa, a bincika, a ba shi shaida. Shi ya sa lambar ke tsalle. Kundin Eagles ya tsaya a miliyan 29 tun 2006. Bayan rasuwar Michael Jackson a 2009 mutane suka yi rububin sayen kayansa, Thriller ya kamo shi a miliyan 29, ya wuce zuwa 30 a 2015, ya kai 33 a 2017. Kwatsam a 2018 Eagles suka yi tsalle daga 29 zuwa 38, saboda an shekara 12 ba a sabunta musu lissafi ba. Masoyan Jackson da yawa ba su gamsu ba, kuma ban ga laifinsu ba, miliyan tara a dare ɗaya dole a ɗaga gira. A 2021 Thriller ya ƙara ɗaya, ya zama 34.

Abin da ya fi canza lissafin shi ne dokar 2016, lokacin da RIAA ta fara haɗawa da sauraro ta intanet. A ƙa'idar, idan aka saurari waƙoƙin wani kundi sau 1,500, an sayi kwafi ɗaya ke nan. Sayen waƙa goma ɗai-ɗai shi ma kwafi ɗaya ne. Ɗauki kalkuletar wayarka: kwafi miliyan ɗaya yana buƙatar sauraro biliyan ɗaya da rabi. Mawaƙin yau da ke son kai wa miliyan 38 ta hanyar sauraro zalla, sai an danna waƙoƙin kundinsa sau biliyan 57, a cikin Amurka kaɗai. Ka tuna da wannan idan gwaninka ya samu miliyan biyar a YouTube aka hana kowa barci. Wani ƙarin sirri: kundi mai faifai biyu, idan ya cika tsawon da aka gindaya, sau biyu ake ƙirga shi. The Wall na Pink Floyd yana da shaidar miliyan 23, amma rabin haka aka sayar. Na Eagles faifai ɗaya ne, babu wannan ragowar.

Sai tambayar da ya kamata duk mai shiga situdiyo ya yi: wa ya ci kuɗin? A harkar waƙa haƙƙi biyu ne. Akwai na naɗin sautin, wanda a zamanin galibi kamfani ke riƙewa ya ba mawaƙi kaso. Akwai kuma na wanda ya rubuta waƙar da karinta, shi ma yana da rabonsa a kan kowane kwafi. Wani marubuci mai suna Jack Tempchin ba ɗan ƙungiyar ba ne, ba za ka ga fuskarsa a fastarsu ba, amma shi ya rubuta Peaceful Easy Feeling, kuma da shi aka rubuta Already Gone. Biyu cikin goma ke nan, a kundin da ya kai miliyan 38. Jackson Browne shi ma yana da hannu a Take It Easy. A cikin ƙungiyar kuwa, sunan Henley da Frey ne a kan mafi yawan waƙoƙin, kuma rabon kuɗi na cikin abubuwan da suka kai su kotu da Felder bayan an sallame shi a 2001. Idan kana rubuta wa wani baiti a kan kuɗin data da "Allah ya saka", sunanka bai shiga ko'ina ba, to Tempchin nasa ya shiga.

Henley dai har yau bai sassauta ba kan batun mallaka. A 2020 ya yi bayani ga wani kwamitin majalisar dattawan Amurka, yana kukan yadda ake ɗora waƙoƙin mutane a intanet ba izini kuma dokar da ake da ita ta tsufa. Masu ɗora bidiyo a YouTube sun san hali: sa waƙar Eagles a bayan bidiyonka, ka jira saƙo. Wasu na ganin tsaurin ya yi yawa, har yana hana sabbin matasa sanin su. Ni ina ganin mutumin da aka taɓa fitar masa da kundi ba a tambaye shi ba yana da dalilin riƙe kayansa da hannu biyu.

Ba Eagles kaɗai ba ne, kuma ba Amurka kaɗai ba. A Birtaniya kundin da ya fi kowanne ciniki shi ne Greatest Hits na Queen, na 1981, wanda ya haura kwafi miliyan bakwai a 2022. Su kam ka san su ko ba ka san sunansu ba, don We Are the Champions ce ake sakawa idan an ɗaga kofi. Legend na Bob Marley, da aka fitar a 1984, shekara uku bayan rasuwarsa, shi ma tsince-tsince ne, kuma shi ne kundin rege da ya fi ciniki.

Ko za a sake samun irinsu? Da wuya. Aikin da kamfani ya yi wa matashin 1976, na tsinto masa masu daɗin ya haɗa wuri ɗaya, yau kai kake yi wa kanka a minti biyu, ko Spotify da Boomplay su jera maka tun kafin ka nema. Amma tsofaffin ba su sauka daga jerin ba, domin duk wanda ya danna Take It Easy a Amurka yana ƙara ɗigo a lissafin. Daga cikin mutum huɗun da suka kafa ƙungiyar, Glenn Frey ya rasu a watan Janairun 2016, shekara biyu da rabi kafin sanarwar miliyan 38, Randy Meisner kuma, wanda ya rera Take It to the Limit, ya bi shi a watan Yulin 2023.