Kafin A Sake Sauya Ƙyalle: Me Ya Kashe Kushin Teburin Sinukarmu?

Duk wanda ya saba shiga ɗakin hutun ɗalibai da yamma ya san ƙarar nan. Ka bugi ƙwallo da iya ƙarfinka, ta je ta daki gefen da ke wajen taga, sai ka ji "dif" kamar an jefa dutse a kan katifa, ta ɗan dawo ta tsaya tana kallonka. Yaran ND I har sun raɗa wa gefen suna "maƙabarta". Ni dai abin ya daina ba ni dariya tun ranar da muka je wasan sada zumunci a wata makaranta. Teburinsu lafiyayye ne, mu kuwa hannunmu ya saba da dukan kawo wuƙa. Duk ƙwallon da muka aika gefe sai ta dawo ta wuce inda muke so, har ta je ta gyara wa abokin hamayya wasa. Ba a fi mu iyawa ba, wallahi. Teburinmu ne ya koya mana ƙarya.

Yanzu ga shi ana ta muhawara a majalisar ɗalibai. Wasu na cewa a sauya ƙyallen, wasu na cewa a sayo sabon tebur ɗungurungum. Kuɗin nan namu ne, daga abin da muke biya kowace shekara za a cire. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi ɗan abin da na sani, tunda a sashenmu na injiniyan sinadarai an sa mu mun karanta roba ko muna so ko ba ma so.

Abin da muke kira kushin roba ce doguwa, mai siffar dala idan an yanka ta a tsakiya, an manna ta da gam a jikin katakon gefe, aka lulluɓe da ƙyalle, aka ɗaure katakon a jikin tebur da noti. Guda shida ne a kowane tebur. Ƙwallo ta daki robar, robar ta lotsa, sannan ta miƙe ta mayar da ƙwallon. Roba mai rai tana mayar da mafi yawan ƙarfin da aka ba ta. Matacciya kuwa haɗiye shi take yi. Ƙyalle rufi ne kawai. In ka sa sabon ƙyalle a kan matacciyar roba, ka yi wa gawa kwalliya ne, kuma bara abin da aka yi ke nan.

Da can ba roba ake sawa ba, tsumma da auduga da makamantansu ake cusawa a gefen tebur. A 1835 wani maƙerin tebur a Landan, John Thurston, ya fara amfani da roba. Sai dai ɗanyar roba ce: da sanyi ta sandare, da zafi ta yi danƙo. Har sai da aka riƙa ɗumama gefen tebur da kwanukan ruwan zafi kafin a fara wasa a lokacin hunturu. Charles Goodyear na Amurka ne ya gano a 1839 cewa idan aka dafa roba da farar wuta, zaruruwan da ke cikinta suna ƙulluwa da juna, ta daina damuwa da sauyin yanayi. Daga sunan wannan dahuwar ne ma aka samo "falkanaiza" da ake kiran mai faci da shi. A 1845 Thurston ya koma amfani da irin wannan dafaffiyar roba, kuma a kan haka ake har yau.

To, in an dafa ta, me ke kashe ta? Abu na farko tun daga masana'anta ne. Tsantsar roba daga ƙaron itace take, irin wanda ake nomawa a Edo da Delta da Kuros Riba, kuma tana da tsada. Mai son cin riba sai ya cika ta da garin yumɓu ko alli don ta yi auki, kamar dai mai nono ta ƙara ruwa. A ido ba za ka gane ba, ranar farko ma wasa take yi daram. Bambancin sai an kwana biyu. Masu ƙera tebur kan ce roba ta gari, a ɗaki mai sanyi kuma ana kula da ita, tana iya kai shekara 20 ko fiye. Ta algus kuwa 'yan shekaru kaɗan ta gama yawo.

Amma ka lura da sharaɗin: ɗaki mai sanyi. A nan ne tamu matsalar take. Iskar oksijin tana cin roba a hankali, tana tsinka wasu zaruruwan, tana ƙulla wasu inda bai kamata ba. Ƙarshenta ko dai robar ta bushe ta yi tauri tana tsagewa, ko ta saki ta zama kamar cingam. Zafi kuwa shi ke hura wutar. Akwai ƙiyasin da kowane ɗan sashenmu ya haddace don jarrabawa: duk ƙarin digiri 10 na zafi, saurin irin wannan aiki yakan kusan ninkawa. Yanzu ka tuna yadda ɗakin hutunmu yake a watan Afrilu, waje ya haura digiri 40, rufin kwano, ba silin ɗin kirki, fanka ɗaya ce mai rai. Shekara 20 ɗin Bature ba tamu ba ce. Ƙara da hasken rana, wanda shi ma yake ƙona roba kai tsaye. Ka taɓa barin silifa ko danƙon harbin tsuntsu a rana wata guda? Ba mamaki gefen taga ne ya fara mutuwa, don daga azahar zuwa la'asar rana a kansa take.

Sai kuma namu laifin. Roba ba ta shiri da mai. Kananzir, fetur, man juye, duk suna shiga cikinta su kumbura ta. Na taɓa ganin wani bawan Allah yana goge katakon gefe da tsumma mai kananzir wai don ya yi ƙyalli. Ga masu zama a gefen tebur suna hira, ko a ɗora cinya don a kai ga ƙwallo mai nisa. Nauyin mutum yana ɓamɓare gam ɗin, robar ta rabu da katako, ta yi ƙasa. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Sai dai ba duk kushin da ya yi shiru ne ya mutu ba, wani suma ya yi. Idan notin da ke riƙe katakon gefe ya saki, ƙwallo tana duka katakon ne yake motsawa ya shanye ƙarfin, alhali robar lafiyarta ƙalau. Maganin wannan sifana ne da minti goma. Haka kuma tsayin bakin robar daga shimfiɗar tebur yana da ƙa'ida. Hukumar wasan ta duniya, WPA, ta ce ya zama kashi 63.5 cikin 100 na faɗin ƙwallo. Ƙwallonmu milimita 57 ce, ke nan wajen milimita 36 ake so. In ya yi ƙasa da haka ƙwallo tsalle take yi in ta daki gefe. In ya yi sama, danne ta yake yi ta dawo a mace. Kafinta mai gaggawa in ya ja ƙyalle da ƙarfi fiye da kima, shi kaɗai ya isa ya lanƙwasa bakin robar.

Gwaji ba wuya. Ka bi gefen da babban yatsa kana dannawa taƙi-taƙi. Roba mai rai za ta ɗan lotsa ta dawo nan take, kuma iri ɗaya za ka ji daga farko zuwa ƙarshe. In ka ji wuri kamar katako, ko yatsa ya nutse bai dawo ba, ta tafi. Ka kama bakin ka ɗan ɗaga, in ya motsa gam ya saki. Sannan gwajin WPA: ka buga ƙwallo a tsakiyarta da ƙarfi mai kyau, ta tsawon tebur. Ya kamata ta yi aƙalla tsawon tebur huɗu zuwa huɗu da rabi ba tare da tsalle ba.

Ranar Asabar ni da wani abokina ɗan sashen kanikanci mun shiga ƙarƙashin teburin da tocila da sifana. Noti biyar muka samu a sake, ɗaya ma babu shi sam. Da muka ɗaure, gefen ƙofa ya farfaɗo har mai karɓar kuɗi ya ce tsafi muka yi. Gwajin tsawo daga biyu da ɗoriya ya koma uku. Maƙabarta kuwa tana nan yadda take, yatsa ya ce dutse ce, haka maƙwabciyarta. Shimfiɗar teburin mun duba da ma'aunin magina, ba ta karkace ba, ƙafafun ma garau.

Don haka ni a ganina ba ma buƙatar sabon tebur. Roba za a sauya, kuma duka shidan lokaci ɗaya, don in aka haɗa sabuwa da tsohuwa kowane gefe da nasa halin zai riƙa yi. A cire guntun tsohuwar a tafi da shi wajen saye, saboda siffar robar iri-iri ce, akwai K-66, akwai K-55, kuma wata ba ta zama a gurbin wata. Duk wanda majalisa za ta aika, ya ce a ba shi robar a hannu ya lanƙwasa, ya ja, ya ga ko tana fari ko tsagewa a wurin lanƙwasar. A sa robar kafin ƙyalle, tunda dole a yaye ƙyallen gefe in za a yi aikin, kada a biya kafinta sau biyu. Teburin kuma a ja shi daga jikin taga, ko a sa labule mai kauri, a samo masa abin rufa da daddare saboda ƙurar hunturu.

Ma'aunin da muka ɗauka na kowane gefe yana rubuce, na miƙa wa daraktan wasanni kofi ɗaya. Wanda ke shakka ya same ni a ɗakin hutu bayan la'asar, ya zo da babban yatsansa.