Wa ke zaɓar bakandamiya? Daga faifan Eagles zuwa memorin kasuwar Gashuwa

A watan Fabrairun 1976 kamfanin Asylum na Amurka ya tsamo waƙoƙi goma daga faya-fayen farko na ƙungiyar mawaƙan Eagles, ya haɗa su a faifai guda mai suna Their Greatest Hits. Babu sabuwar waƙa ko ɗaya a ciki, amma zuwa shekarar 2018 an tabbatar da cewa cinikinsa ya kai kwafi miliyan 38 a Amurka kaɗai, har ya sha gaban Thriller na Michael Jackson. Tun daga nan masu sana'ar waƙa suka gane cewa kundin zaɓaɓɓun waƙoƙi na iya fin sabon aiki kawo kuɗi.

Sai dai akwai abin da ya fi kuɗin muhimmanci. Wanda ya zauna ya yi zaɓen, shi ne ke yanke wa 'yan baya irin fuskar da za su san mawaƙi da ita. Kundin Legend na Bob Marley, wanda kamfanin Island ya fitar a 1984, shekara uku bayan rasuwarsa, shi ne faifan rege da ya fi kowane sayuwa a duniya. Duk da haka masu nazari sun daɗe suna ƙorafin cewa an fifita waƙoƙinsa na soyayya da lallashi, an rage masu zafi na gwagwarmaya, domin a jawo Turawa masu saye.

Hukuncin kasuwa

A ƙasar Hausa, a da mawaƙi ne ke zaɓar wa kansa. Ibrahim Narambaɗa yana da Bakandamiyarsa, Mamman Shata ma yana da tasa, wato waƙar da mai ita ya zuba fasaharsa a ciki, ya yi wa kansa kirari. Da kaset ya zo, zaɓen ya koma hannun mai shagon rikodin. A yau kuwa ya koma hannun saurayin da ke zaune gaban kwamfuta a bakin tasha, yana tura wa mutane waƙa a memori.

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Damaturu ta ratsa Dapchi da Bayamari zuwa Gashuwa da Nguru ya san irin waɗannan rumfuna. Direba ko manomi ko mai shayi zai miƙa wayarsa ya ce a sa masa Shata, ko Ɗankwairo, ko Ɗanmaraya. Ba ya lissafa waƙoƙin da yake so ɗaya bayan ɗaya. Abin da mai turin ya tara a ƙarƙashin sunan mawaƙin, shi za a kwafa masa, shi kuma zai tura wa maƙwabcinsa, a haka har ya kai ƙauyukan da ke bakin iyakar Nijar.

Muhimmancin wannan hanya ya fito fili a 2013, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya na tsawon makonni. Ba a iya kira, ba a iya shiga intanet, amma abin da ke cikin memori bai daina zagayawa daga hannu zuwa hannu ba.

Matsalar ita ce kundin kasuwa ƙanƙancewa yake yi. Mai turi daga wani mai turi yake kwafa, kuma abin da aka fi tambaya shi yake ajiyewa. Shata, wanda ya rasu a watan Yunin 1999, ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa, kuma sananne ne cewa ba ya maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya. Kowane wasa da irin ƙarin da yake yi. Amma yaron da ya tashi yau, Shatansa shi ne 'yan waƙoƙin da ke yawo, irin su Magaji Mai Ido Ɗaya da Hassan Sarkin Dogarai, sau da yawa a yanke, ba shekara, ba sunan wurin da aka ɗauka, ba sunan makaɗa da 'yan amshi. Sauran suna kwance a tsofaffin kaset da ma'ajiyar gidajen rediyo irin na Kaduna, inda zafi da ƙura ke cinsu a hankali.

Darasi daga Sakkwato

Wannan ba ya nufin memori abokin gaba ne. Labarin Mdou Moctar, Buzun nan mai kaɗa jita da hagu daga yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, ya isa shaida. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Kundin bai bi ta hannun wani babban kamfani ba. Ta waya da memori ya ratsa Sahara.

Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, da ya zauna a Kidal ta ƙasar Mali, ya tattara waƙoƙin da ya tarar a wayoyin mutane, ya fitar da zaɓaɓɓu a 2011 cikin kundin Music from Saharan Cellphones, ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds. Waƙar Moctar mai suna Tahoultine tana ciki. Abin lura shi ne Kirkley ya bi sawun mawaƙan, ya rubuta sunayensu, ya ba su kasonsu. Shekara goma bayan haka, a 2021, kamfanin Matador ya fitar da Afrique Victime, kuma a yau ƙungiyar Moctar na cikin fitattun masu kiɗan rok da Afirka ke taƙama da su.

Bambancin da ke tsakanin wannan kundi da na bakin tasha abu biyu ne: suna da hakki. A namu, iyalan mawaƙin ba sa ganin ko sisi, duk da cewa Najeriya ta sabunta dokar kare haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a 2023. Shi ma mai turin ba ɓarawo yake ɗaukar kansa ba. Abinci yake nema, kuma babu wata hanya mai sauƙi da aka shimfiɗa masa ta biya.

Waɗanda ba su shiga kundi ba

Idan Shata da sunansa ya cika ƙasa yana fuskantar wannan ragi, ina ga mawaƙan yankin kansa? Arewacin Yobe ba ƙasar harshe ɗaya ba ce. Akwai Badawa a Gashuwa, akwai Mangawa a Nguru da kewaye, akwai Fulani makiyaya da masunta na fadamar Haɗeja zuwa Nguru, kowa da waƙoƙinsa na biki da noma da su da sarauta. Nguru kuwa tun 1930 da layin dogo daga Kano ya iso ta take karɓar baƙi da kiɗe-kiɗensu. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa 'yan Yobe sun yi wa harshen Bade ƙamus, amma ƙamus kalma yake adanawa, ba ya riƙe murya da kiɗa. Tsohuwar da ta iya waƙar daka ko ta rakiyar amarya, in ta tafi ba a ɗauke ta ba, ta tafi da kayanta.

Aikin bai fi ƙarfin yankin ba. Akwai Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, akwai fadar Mai Bade da ta Sarkin Nguru, akwai gidan rediyon jiha, akwai kuma su kansu masu turin, waɗanda suka fi kowa sanin abin da jama'a ke saurare. Abin da ake buƙata shi ne a ɗauki waƙoƙin cikakku, a rubuta wanda ya yi su da inda aka yi da shekara, a yi yarjejeniya da mawaƙan ko magadansu, sannan a saki kundin ya bi hanyar da memori ya riga ya share.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Zaɓe dai za a yi, ko da shiri ko babu. In masu waƙar da masanansu ba su zauna sun yi shi ba, kasuwa za ta yi musu, kuma kasuwa ba ta ajiye abin da ba a tambaya.